Babi na Shida: Guzurin Mai Wucewa

Kogin Dindir ba ya gudu shekara zagaye. Da damina yakan taso daga duwatsun Habasha, ya cika ya batse, ya gangaro ya faɗa Shuɗin Nilu tsakanin Sinnar da Wad Madani. Rani na kamawa sai ya tsinke, ya bar tafkuna jefi-jefi a kan yashi. A gaɓarsa, da gaɓar Rahad da ke gabas da shi, da bakin Nilun kansa tun daga Mai Wurno zuwa Sinja har Rusairis, akwai ƙauyukan da ake sallama da Hausa, ake ciniki da Hausa, ake yi wa yaro faɗa da Hausa. Mutanensu manoma ne da masunta da masu lambu, masu bin dausayin da ruwa ya janye ya bari su shuka albasa da kuɓewa da masara. Kakannin da yawa daga cikinsu Makka suka ɗaura wa niyya, hanya ce ta riƙe su a Sudan. Shi ya sa babu inda ya fi nan dacewa a auna tsohuwar tambayar da liman ke yi a huɗuba, fasto ke yi a majami'a: wanda ya gaskata akwai wani gida bayan wannan, nawa ya kamata ya kashe wa wannan? A yawancin wurare maganar mumbari ce, a saurara, a girgiza kai, a fito a wuce kasuwa. A nan kuwa jama'a guda ta ɗauke ta da gaske, ta gina zamanta a kanta fiye da shekara 100, har ana iya duba ribar da ta ci da hasarar da ta tafka. Abin da nake son nunawa shi ne, lissafin matafiyi ma'auni ne mai kyau ga kayan sayayya, amma yakan cuci mai shi ranar da ya ɗora shi a kan abin da ba kayan sayayya ba ne.

Sai an san yadda aka zo kafin a gane lissafin. Tun kafin Turawa, alhazan ƙasar Hausa da Barno suna bin hanyar gabas ta Wadai da Darfur da Kordofan, su tsallaka Nilu, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, daga nan jirgin ruwa ya kai su Jidda. Abin da ya sa talaka ma ke kama wannan hanya yana cikin fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi daga Sakkwato har Sinnar, ikon zuwa hajji bai tsaya ga mai raƙumi da jakar kuɗi ba. Wanda ke da lafiyar takawa da ƙafa, kuma yake da sana'ar da zai ci da ita a hanya, yana cikin masu iko. Don haka mutum kan fita da iyalinsa da fartanyarsa ko askarsa ko allurarsa, ya yi damina a wannan gari, ya sayar da amfanin, ya ƙara gaba, tafiyar ta ci shekaru. A 1903, bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, dubban mutane suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Mutanen da suka taso haka sun riga sun yanke wa dukiya hukunci da ƙafafunsu. Rumbu da garke da gidan gado duk sun bar su a baya, don a ganinsu zama ƙarƙashin baƙon mulki ya fi talauci ɗaci.

Turawan da aka guje wa kuwa su aka tarar a gaba, don tun 1898 suka ci Omdurman, kuma suna neman hannu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, domin a noma wa masaƙun Ingila auduga mai dogon zare. Da aka haɗa shi da yankin Manakil daga baya, gandun ya zarce eka miliyan 2. A wancan lokaci ribar audugar uku ake raba ta, tsakanin gwamnati da kamfanin da ke gudanar da aikin da manoman da aka yanka wa gonaki. Mai tsinka da mai cire ciyawa ba sa cikin rabon, lada kawai suke karɓa, kuma wannan gurbin ne matafiyan yamma suka cike. Auduga na son hannu da yawa, matafiyi na son kuɗin jirgi, sai aka ga kamar an dace. Suka kafa bukkoki a gefen magudanan ruwa, a matsugunan da ake kira kambo; wasu suka karɓi gona a hannun mai ita bisa sharaɗin raba amfani; wasu suka zarce Suki da Dindir da Gadarif, inda ƙasa ke da yalwa, ana noman dawa da riɗi da ruwan sama. Duk a kan cewa na ɗan lokaci ne.

Na ɗan lokacin ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi jikoki. Wani masanin halayyar al'umma, C. Bawa Yamba, ya zauna da waɗannan mutane a Wad Madani da ƙauyukan kewayenta a shekarun 1980, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya tarar ya isa a tsaya a kansa. Mutumin da a Sudan aka haifi ubansa, wanda bai taɓa ganin Kano ba balle Jidda, in an tambaye shi sai ya ce a kan hanya yake. Da yawa ba sa yin ginin da zai daɗe, domin ginin ƙwarai alama ce ta an warware niyya. Suna fifita makarantar allo a kan ta gwamnati. Suna ganin hajjin ƙafa, mai wahala da jinkiri, ya fi na jirgin sama lada, kuma wanda ajali ya riska a hanya bai yi hasara ba, tun da da niyyarsa ya cika. Kaɗan ne ke kaiwa. Wannan bai rushe musu lissafi ba, don a wurinsu ranar isa ta Allah ce, abin da ke kan bawa shi ne kada ya sauke kaya.

Kafin a yi musu dariya, a dubi abin da wannan tunani ke yi wa aljihu. Mutumin da ke da inda za shi yana da tambayar da zai yi wa duk abin da ya gani a kanti: zai kai ni, ko zai nauyaya ni? Kasuwar zamani kuwa da rashin wannan tambaya take ci. Wayar bara tana aiki, amma ta bana ta fito. Gadon amarya lafiyarsa ƙalau, amma na ɗiyar maƙwabta daga Dubai aka kawo shi. Sudan ta san wannan ciwo tun shekarun 1970, lokacin da arzikin mai ya ja dubban 'ya'yanta zuwa Saudiyya da maƙwabtanta, suka riƙa dawowa da akwatuna da firji da zinari, har kayan lefe suka zama abin da ke tsofar da samari a gidan iyayensu. Ba sai an je Sudan ba ma, duk wanda ya aurar da ɗiya a Kano ko Maraɗi ya san yadda kayan ɗaki ke cinye gona. Idon mutane ke tuƙa irin wannan sayayya, idon mutane kuwa ba ya cika. Mai niyyar tafiya ya fita daga gasar ba tare da ya sha kunya ba, kuma nan hikimar take. Talakan da bai sayi abu ba ana cewa ya kasa. Matafiyin da bai saya ba ana cewa yana tari. Niyya ta ba shi damar cewa a'a da mutuncinsa.

Hausawan Dindir Musulmi ne, amma lissafin ba nasu ne su kaɗai ba. Kirista mai karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932, zai gane shi nan take. Wasiƙun manzanni sun ɗauki masu bi a matsayin baƙin duniya. Yesu ya ba da misalin attajirin da gonarsa ta yi albarka, ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya ya miƙe ƙafa, a daren aka karɓi ransa. Ya kuma nuna kuɗi ubangida ne mai kishi, wanda ba ya yarda a raba masa bawa da Allah. A Masar, can gangaren Nilu, Antoni ya rabar da gonakin da ya gada a ƙarni na 3 ya shiga hamada, dubbai suka bi sawunsa. Sai dai tarihin Kirista ya kuma nuna yadda abin ke juyewa. A bakin Shuɗin Nilun nan, kusa da Hartum ta yau, akwai kufan Soba, babban birnin daular Kirista ta Alwa, inda wani manzo daga Masar a ƙarni na 10 ya ba da labarin majami'u masu yawan zinari, ginin mabiyan wanda bai mallaki ko ɗaki ba. John Wesley, wanda ya assasa ɗarikar Metodis a Ingila a ƙarni na 18, ya lura da abin da ya dame shi har tsufa: addinin gaskiya kan sa mutum ya bar sha da caca, ya yi aiki tuƙuru, ya yi tattali, tattalin ya haifi arziki, arzikin kuma ya juyo ya cinye addinin. Bai ce a guje wa kuɗi ba. Shawararsa ita ce a nema ta hanya mai tsabta, a taƙaita kashewa, rarar kuma a bayar da ita tun ba ta kwana ta yi saiwa ba. Yau a Legas da Abuja akwai mumbarin da ya kifar da maganar gaba ɗaya, inda mota da bene suka zama shaidar yardar Allah, talauci ya zama alamar raunin bangaskiya. Fastocin da ke ja da wannan wa'azi, kuma suna da yawa, tambayar mai bukkar Jazira suke ƙoƙarin maido wa ikilisiya.

Za a ce duk wannan talauci ne aka naɗa wa rawani, wanda ba shi da kuɗin kwano shi ke cewa ciyawa ta fi lada. Akwai gaskiya a ciki, fiye da yadda masu son labarin zuhudu za su so. Tsarin da alhazan suka faɗa cikinsa an gina shi yadda tari ba zai taru ba. Manomin da abinci ya yanke masa tsakiyar damina yakan je wa ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ko hatsi a kan amfanin da bai nuna ba, a farashin da ɗan kasuwar ya yanka, abin da a Sudan ake kira shail. Kaka na yi, buhunan su wuce siton mai bin bashi, manomi ya koma jiran wata damina. Yamba ya nuna wata ƙofar da kuɗin ke zurarewa: abin da aka tara yakan tafi wurin malaman tsibbu, don a roƙa a buɗe hanya ko a kare kai daga sammu, har neman sa'ar tafiya ya zama cikin abin da ke hana tafiyar. Babu shakka kuma masu gonaki sun ji daɗin ma'aikacin da ba ya neman gona tasa, ba ya neman makaranta, ba ya neman kujera a majalisa, don yana ganin gobe zai tashi. Duk da haka hujjar ba ta kashe maganar ba. Da talauci ne kaɗai, da duk wanda ya samu ya yar da sunan matafiyi. Arziki kuwa ya shiga cikin jama'ar. Mark Duffield, wanda ya yi nazarin Mai Wurno a shekarun 1970, ya nuna yadda harkar manyan motoci da fatauci suka fitar da masu hali a garin, suka raba shi tsakanin masu jari da 'yan ƙwadago; a Wad Madani kuma akwai 'yan kasuwa da direbobi da masu gidajen saukar baƙi cikin waɗanda suka ci gaba da kiran kansu masu tafiya. In mutum zai iya riƙe sitiyari da mabuɗin kanti ya kuma ga kansa mai wucewa, to niyyar tana da ranta, ba inuwar rashi kawai ba ce.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta turuwa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wanda ya daɗe yana gaya wa maƙwabtansa cewa shi mai wucewa ne, wata rana za su kama shi da maganarsa. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da ta 1957 da ta biyo bayan 'yancin kai, sun ɗauki ƙarshen shekarar 1897 a matsayin iyaka: wanda kakanninsa ba su zauna a ƙasar kafin nan ba, sai ya nemi zama ɗan ƙasa da roƙo. Ranar kuwa ta riga Burmi, ta riga kafa Mai Wurno, ta riga gandun Jazira. An sassauta dokar daga baya, amma tabon ya zauna, sunayen Fallata da Takari da ake kiran mutanen yamma da su suka ci gaba da nufin wanda bai gama zama ɗan gida ba. A karkarar Sudan ƙasa na bin ƙabila, ƙabila na bin sarautar gargajiyar da gwamnati ta amince da ita, wanda ba shi da sarauta kuwa bisa alfarma yake noma. Mazauna kambo da yawa sun yi tsara bayan tsara a wuri ɗaya ba su da takardar filin da suke kwana a kai, ba famfo, ba asibiti. A watan Yuli na 2022, maganar ba Hausawa sarauta tasu a jihar Shuɗin Nilu ta rikiɗe ta zama faɗa tsakaninsu da ƙabilun da ke ganin ƙasar tasu ce. Fiye da mutum 100 suka mutu a Rusairis da kewaye, a watan Oktoba wasu fiye da 150 suka bi su a Wad al-Mahi, dubun dubata suka gudu, da yawa zuwa jihar Sinnar. Ba cewa nake niyyar hajji ce ta jawo wannan jini ba. Siyasa ce, da ƙyashi, da dokokin da wasu suka rubuta don su ware wasu. Hausawa da yawa kuma sun daɗe da ɗaukar kansu cikakkun 'yan Sudan, sun yi boko, sun shiga soja, sun yi zaɓe. Amma tsarar da ta ƙi kafa tushe saboda lahira ta bar jikokinta a gaban rigimar ƙasa hannu babu takarda.

A ganina abu biyu aka gama wuri ɗaya, aka yanke musu hukunci ɗaya. Akwai abin da mutum ke saya don a gan shi, akwai abin da yake kafawa don wani ya tsaya a kai. Gadon Dubai da zoben zinari na biyar suna cikin na farko. Rijiya, da takardar gona, da ajin makaranta, da rajistar haihuwar yaro, da ungozomar da ta yi karatu, suna cikin na biyu, ko da yake su ma kuɗi suke ci, su ma a nan za a bar su. Addinan biyu sun san wannan bambanci, masu wa'azi ne ke gaggawar wuce shi. Musulunci ya lissafa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari cikin abin da ladansa ke bin mutum kabari. Annabi Irmiya kuwa, da ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, waɗanda su ma kayansu a ɗaure suke suna jiran ranar komawa, umartarsu ya yi su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'ya, su so alheri ga garin da ke riƙe da su, kuma bai ce su manta da Urushalima ba. Ana iya kafa tushe a wuri ba a ba shi zuciya ba. Hakan ma ya fi zaman bukka wuya, domin bukka tana yi wa mutum gadin zuciyarsa, mai ginin siminti kuwa sai ya yi gadin da kansa.

Akwai kuma masu cewa a ƙasa irin Sudan wa'azin rage sayayya wauta ce, tun da kuɗin da aka ajiye narkewa yake yi. Lissafinsu daidai ne. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, wadda ta tafi da kusan kashi 3 cikin 4 na man ƙasar, fam ɗin Sudan ya kama gangara. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta karya farashinsa a hukumance daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, tsadar kaya a shekarar ta haura kashi 300 cikin 100. Dattijon da ya yi shekaru yana cusa takardun kuɗi ƙarƙashin tabarma don kuɗin jirgi yana iya wayar gari abin da ya tara bai kai shi Sawakin ba. A irin wannan hali, matar da ta mai da ribar lambunta awarwaron zinari, da saurayin da ya sayi injin ban ruwa, asusu suka gina, babu almubazzaranci a ciki. Sai dai wannan ƙarfafa maganata yake yi. Awarwaro ɗaya yana iya zama ajiyar ranar ciwo a hannun wata, ya zama abin gori a gidan biki a hannun wata. Ƙirga kayan ɗaki ba ya nuna mai son duniya. Ranar da buƙata ta taso ake gane shi, a ga ko hannunsa zai iya cire abin.

Kasuwa ma ba ta bar ƙarshen hanyar ba. Tun da jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta sa'o'i, hajji kansa ya shiga cikin kayan da ake nuna wa mutane. Sunan Alhaji ya kusa zama daidai da mai kuɗi, ana dawowa da haƙorin Makka da akwatunan tsaraba da suka fi ƙarfin ma'aunin jirgi, wani ya maimaita shekara bayan shekara maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Kiristocin Najeriya ba su tsira ba, wasu in sun dawo daga Urushalima sukan liƙa haruffan JP a bayan sunansu. Tsofaffin Jazira da suka raina hajjin jirgi sun wuce gona da iri a fiƙihu, don wahalar hanya ba sharaɗi ba ce, amma hancinsu ya shaƙi wani abu na gaske.

Sai kuma yaƙi. Ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. A Disamba na shekarar Wad Madani ta faɗa hannun RSF. Ƙarshen Yuni na 2024 Sinja ta bi, Dindir ta bi bayanta cikin 'yan kwanaki. Sai a Oktoba soja suka karɓe Dindir, Sinja a Nuwamba, Wad Madani a Janairu na 2025. Abin da ya fi yawa a bakin waɗanda suka tsere, bayan kisa, shi ne kwasar ganima: motoci, babura, taraktoci, zinarin mata, wayoyi, faifan sola, har iri da takin da ke cikin sito. Wani mai wa'azi zai ce, kun gani, abin duniya ke nan. Ni kuwa rashin kunya nake gani a mai da fashi darasi. Wanda aka ƙwace wa injin ban ruwa 'ya'yansa aka raba da abinci, ba ruɗi aka yaye masa ba. Mai bukka ma bai tsira don ba shi da komai ba, don mazauna kambo suna cikin waɗanda aka kashe a Jazira lokacin dawowar soja, bisa irin zargin da ke saurin liƙe wa wanda tun asali ba a ɗauke shi ɗan gida ba. Abin da yaƙin ya nuna a kan dukiya daban yake. Da hukuma ta ɓace, ƙungiyoyin agaji na waje suka kasa shiga, abin da ya riƙe rayuka a unguwanni da yawa shi ne tukunyar gayya da ake kira takiyya, wadda ta samo asali daga al'adar shehunan ɗarika ta ciyar da almajiri da baƙo. Matasan unguwa ke girkawa, 'yan'uwa a Riyad da Doha da Landan suna turo kuɗi ta waya. Kuɗin ci-ranin nan da aka daɗe ana zargi da tsadar aure, shi ne ya sayi wake da garin dawa.

Malaman da zuriyar Mai Wurno ke alfahari da su sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. Wajen 1807, jihadin ƙasar Hausa na tsakiyar cin nasara, Abdullahi ɗan Fodiyo ya dubi abokan gwagwarmayarsa ya ga hankalin da yawa ya koma kan dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da sarautar garuruwa. Abin ya ishe shi, ya sulale daga runduna da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas, da niyyar kada ya tsaya sai ƙasa mai tsarki. A Kano jama'a suka tare shi, suna neman wanda zai nuna musu yadda za su tafiyar da mulkin da ya faɗo hannunsu. Yana da hujjar wucewa, irin wadda kowane alhajin Jazira zai gane. Ya tsaya. Ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafi a kan naɗa shugaba da mataimakansa da riƙon jama'a bisa adalci. Sa'an nan ya juya yamma, ya koma cikin mutanen da ya guje wa, aka danƙa masa yammacin daula. A Gwandu ya ƙare kwanakinsa, bai je Makka ba, yana karantarwa, yana yanke shari'a, yana rubutu, kuma bai daina sukar masu mai da sarauta hanyar tara abin duniya ba, har da na cikin jama'arsu.